Tantin da Amarya Ta Wanke

Duk wanda ya san ni ya san ruwa bai taɓa kayar da ni ba. Ina yaro na faɗa rijiya, na fito da ƙafata. Kwalekwale ya taɓa kifewa da mu a tsakiyar kogi, ni na jawo mutum biyu zuwa gaɓa, wasu ma suna cewa uku ne. Shekarar babbar ambaliya kuwa, da ruwa ya shigo unguwarmu ya kwashe gidaje kamar ana share tsakar gida, ni na saɓa matata a kafaɗa, ga ta da tsohon ciki, na hau tudu da ita ban tsaya na huta ba. Ban taɓa zama a aji ba, sai da na tsufa jikoki suka koya mini haɗa baƙaƙe. Amma in maganar ruwa ce da yadda ake tare shi, kowa ya zo ya zauna ya saurara.

A kan wannan tudun aka raba mana tantuna. Na yadi ne mai kauri, ruwan ƙasa, mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa sai ƙaƙƙarfa irina. Na sauran mutane ba su daɗe ba suka ruɓe, wasu aka yayyanka aka rufe kejin kaji. Nawa yana nan har yau, ya girmi ɗana na fari, domin a cikinsa aka haife shi. Ba tsafi ba ne, kulawa ce. Ba na naɗe shi da danshi ko da sauri nake yi. In ya yi taɓo, sai na bari ya bushe na kakkaɓe da buroshi mai laushi. Ba ya kwana a ƙasa, a sama nake rataye buhunsa saboda ɓera da gara. Kafin kowace damina ina bin ɗinkinsa da kakin zuma. Sabulu kuwa, ko inuwarsa ban yarda ta faɗa kansa ba.

Matata Alƙaliya nake kiranta, saboda duk labarin da na bayar sai ta yanke masa hukunci. In na ce ruwan ambaliyar ya kai mini wuya, sai ta ce ƙugu. In na ce ban huta ba a hanyar tudu, sai ta tambaye ni to wane ne ya zauna a gindin bishiya yana haki. Haka muka tsufa. Bayan an sake gina gari mun koma ɗaki mai rufin kwano kamar kowa, amma duk shekara in hadarin farko ya haɗu, sai mu ɗauki tantin mu koma tudun nan mu kafa shi, mu yi 'yan kwanaki. Ba ma yin komai a can. Ta dafa shayi, ni na gyara igiyoyi, in ruwa ya sauko mu zauna ciki muna jin yadda yake buga yadin bai samu hanya ba. Yara sun ce hauka ne. Ita ta ce nan ne kaɗai take barci har ta manta da ƙafafunta.

Bara ciwo ya kayar da ita a bakin famfo. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, magana ta rage mata sai kalma ɗaya-ɗaya, ita ma da ƙyar. Ɗan namu na fari ya kwaso mu ya kawo gidansa, ya ba mu ɗakin da ke kusa da tsakar gida. Likita muke ce masa, ko da yake kantin magani yake tsaro. Yaron kirki ne, sai dai komai a wurinsa da doka: wannan da safe, wannan bayan abinci, kada a buɗe taga, kada Inna ta taka siminti ba takalmi. Damina ta zo ta wuce ba mu je ko'ina ba.

Bana da iska ta fara juyawa, wata rana da la'asar na shigo na tarar da Alƙaliya a kujerarta mai taya ta zuba wa taga ido. Gajimare ya taru a gabas. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna, ta yi ta fama da bakinta, can ta ce, “Tudu.”

Na yi kamar ban ji ba. Ta maimaita, ta kuma kalle ni irin kallon da ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Da Likita ya dawo na gaya masa. Ya ce sam. Ya ce ƙirjinta ba zai ɗauki sanyi ba, in ta jiƙe sau ɗaya asibiti za mu koma, wataƙila ma ba mu dawo da ita ba. Na ce a cikin tantina ba a jiƙewa. Ya ce tantin da ya girme shi. Na ce ni ma na girme shi, ga ni kuma garau. Muka yi ta yi. Uwar tana jin mu, daga ranar ta daina taɓa abinci sai a yi ta lallashi, ta kan kai cokali baki ta mayar. Abin da ya karya shi ke nan. Ya ce to, ga sharaɗi: a kafa tantin a tsakar gida, a sakar masa ruwa da tiyo, shi da kansa zai zauna a ciki. In ɗigo ɗaya ya sauko, maganar tudu ta mutu, kuma kada na sake tayar da ita. In bai sauko ba, ranar hutunsa mai zuwa zai kai mu da mota.

Na yi dariya na ce ya fara zuba mai a motar.

Matar Likita tana tsaye a ƙofar kicin tana jin mu. Amarya muke ce mata har yanzu, duk da 'ya'yanta sun shiga makaranta. A ɗakin wanki na wani babban otal take aiki, kuma ban taɓa ganin mai tsabta irinta ba. Tsumman goge tebur ma sai ta yi masa guga. Ita ke yi wa Alƙaliya wanka, ita ke juya ta a gado, ba ta taɓa ɓata fuska ba.

Ban san ta sauke buhun daga inda na rataye shi ba. Sai wata yamma ta dawo daga aiki da mai keke-napep yana taya ta ɗauko wani ƙunshi, ta ajiye a gabana ta durƙusa tana murmushi.

“Baba, buɗe ka gani. Na ce Inna ba za ta kwana cikin ƙura da warin ajiya ba.”

Tun kafin na buɗe ƙamshin ya gaya mini. An naɗe shi tsaf kamar zanen gadon baƙi, kowace kusurwa ta hau 'yar'uwarta. Tantina mai ruwan ƙasa ya koma fari-fari, ya yi laushi kamar tsohuwar riga. Ta ce a babban injin wurin aikinsu ta sa shi, da ruwan zafi da garin sabulu, sau biyu, domin na farko ruwan da ya fito baƙi ƙirin ne, ga wani maiƙo da ya ƙi fita sai da ta ƙara magani.

Maiƙon nan shi ne kakin da na yi shekara da shekaru ina shafawa.

Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya sani. Ban ɗaga murya ba. Na ce kawai a miƙo mini kofin ruwa. Na shimfiɗa gefen yadin a gwiwata na ɗiga. A da ruwa in ya faɗa masa dunƙulewa yake yi ya gangara kamar a bayan agwagwa. Wannan karon ya tsaya, ya baje, ya nutse, na ji sanyinsa a cinyata. Amarya ta ga haka, murmushin ya ɗauke. Ta tambaye ni da ƙaramar murya ko ta yi ɓarna ne. Wai daga nan na fara magana a kan masu wanke abin da ba a sa su ba, da masu ganin duk abin da ba fari ba datti ne. Ni ban tuna na faɗi da yawa haka ba. Na dai ga hawaye na zubo mata, sai kuma na ji an buga hannun kujera da ƙarfi. Alƙaliya ce. Ta nuna ni da yatsa, ta nuna bakina, sannan ta miƙa hannun ta jawo kan Amarya ta ɗora a cinyarta. Na yi shiru, domin dama na gama maganata.

Likita da ya ji labari ya ce to ai shi ke nan, Allah ne ya raba gardama. Da ya ga fuskar uwarsa sai ya sassauta, ya ce akwai sababbin tantuna na leda a kasuwa marasa nauyi, ko kuma wani maganin feshi na gwangwani. Na ce ba leda uwarsa ta ce tana so ba, kuma sharaɗi sharaɗi ne, bai ce kada a gyara ba. Ya ɗaga kafaɗa ya tafi kantinsa.

Washegari na tafi wurin mai zuma na ɗauko kaki, na haɗa da kyandir da ɗan mai. A tsakar gida na hura gawayi, na ɗora tukunyar ruwa, na sa gwangwanin kakin a cikin ruwan, domin ba a ɗora kaki kai tsaye a kan wuta sai mai son ƙona gidan ɗansa. Da ya narke na zuba a ƙananan kwanoni ya daskare ya zama kamar sabulun wanki. Na shimfiɗa tantin a kan siminti, na durƙusa na fara gurzawa, taki ɗaya bayan taki ɗaya. A da ɗinki kaɗai nake bi, yanzu kuwa duk jikin ne tun daga ƙofa har baya. Ƙarfi ina da shi, sai dai gwiwoyi sun fara yi mini rashin kunya, kuma kakin yana zama a sama ne fari-fari, ba ya shiga cikin zaren. Rana ce ke narkar da shi ya shige, ranar kuwa ta ƙi tsayawa, gajimare sai kai da kawowa yake yi.

Amarya ta yi ta leƙowa daga kicin ba ta iya fitowa. Can da yamma sai ga ta da dutsen guga da doguwar waya da tsofaffin takardun siminti. Ta durƙusa a inda na gama gurzawa, ta ɗora takarda, ta rage zafin dutsen har sai da ta iya kusantar da shi ga kuncinta, ta bi a hankali. Da ta ɗaga takardar, farin ya ɓace, yadin ya yi duhu ya sha kakin har ciki. Na shafa da hannu. Na ce dama abin da nake shirin cewa a yi ke nan.

“Na sani, Baba,” in ji ta.

Haka muka yi ta yi, ni a gaba da kaki, ita a baya da guga. In ta dawo daga aiki ko tufafi ba ta sakewa. Hannun yarinyar nan ya san yadi, ta san inda zai ɗauki zafi da inda ya tsufa har zai iya ƙonewa. A wajen ƙofa ta gano inda injin ya ja zare, ta yi masa faci da ɗinki ƙanana, ni kuma na bi da kaki. Na ba ta labarin kwalekwale da mutum ukun da na ceto, ta ce jiya biyu na ce na ceto, na ce jiya ban ƙirga da yaron ba. Daga taga muka ji wani sauti mai kama da dariya daga maƙogwaron Alƙaliya, wanda tun da ta kwanta ban ji irinsa ba.

Saura aiki ɗaya, kuma shi ne mai wuyar. Tsohon tanti yana da ƙananan huji da ido ba ya gani daga waje, wurin da allura ta bi, wurin da ƙaya ta taɓa soka, wurin da naɗi ya cinye zare. Ni da Alƙaliya muna da yadda muke yi. Sai a kafa tantin da rana tsaka, ita ta shiga ta rufe ƙofa. A cikin duhun nan kowane huji haske yake yi kamar tauraro. Sai ta sa yatsa ta turo wurin, ni ina waje na ga yadi ya kumburo, na danna kaki a kai har ta ce ya mutu. Na ciki ba ya iya toshewa, na waje ba ya iya gani. Ban taɓa yin wannan aikin da kowa ba sai ita.

Siminti ba ya karɓar turke, don haka bulo muka jera muka ɗaure igiyoyin. Ranar da rana ta fito sosai na ce Amarya ta shiga. Ta shiga, ta ce ita duk wurin haske take gani, ba ta san wanne ne huji wanne ne yadin da ya yi siriri ba. Muna cikin haka muka ji bugun kujera daga ɗaki. Ba sai an fassara mini ba. Muka turo Alƙaliya a kujerarta, muka ɗaga tayoyin suka haye bakin ƙofar, na fito na ja zif.

Can sai na ji muryar Alƙaliya, a kakkarye amma tata ce.

“Can.”

“Nan, Inna?”

“A'a. Sama.”

Yadi ya kumburo kusa da sandar tsakiya. Na hau benci na danna kaki, na murza da babban yatsa.

“Ya mutu,” in ji Alƙaliya.

Kalma biyu a jere. Na tsaya a kan bencin sai da na share ido, domin rana tana dukan fuskata. Muka ci gaba. Ita ta gani, Amarya ta turo, ni na toshe. Wani wurin sai ta sa ni maimaitawa, ta ce “Ƙarya,” wato ban toshe da kyau ba, Amarya tana ƙunshe dariya. Muka zagaya gefen gabas, muka dawo baya. Can ƙasa-ƙasa, daidai tsayin kujera, sai yadin ya kumburo a hankali, yana ɗan rawa. Wannan ba yatsan Amarya ba ne. Na san shi, na Alƙaliya ne, ɗan karkatacce ne tun ranar da ƙofar mota ta matse shi. Na shafa kakin, sannan na ɗora babban yatsana a kan nata, yadin yana tsakaninmu. Ba ta janye ba, ni ma ban janye ba. Amarya ta tambaya daga ciki ko wannan bai mutu ba ne har yanzu. Sai kuma ta gane da kanta, ba ta sake tambaya ba.

Ranar gwaji Likita ya dawo da wuri. Ya zagaya tantin yana taɓawa yana shinshina yatsunsa. Ya ce a mayar da Inna ɗaki kafin a fara. Ta riƙe sandar ƙofar tantin da hannunta mai lafiya, riƙon da ya san ba zai iya ɓamɓarewa ba tare da ya ji kunya ba. Dole ya tura ta ciki, ya lulluɓe ta da bargo, ya shiga ya ja zif. Na ɗaga murya na gargaɗe shi kada ya jingina da yadin, domin taɓa shi daga ciki yana jawo ruwa, kada ya zo ya ɗora wa tantina laifin kansa.

Amarya ce ta riƙe tiyo. Da farko sai ta saki ruwan a hankali kamar mai ba fure ruwa, tana satar kallona. Na ce mata a'a, ba yayyafi za mu tarar a tudu ba, ta toshe bakin tiyon da yatsa ta ba shi da ƙarfi. Ta ba shi. Ruwa ya yi ta dukan rufin yana dunƙulewa yana gangarowa, ya cika tsakar gida har ya kai mini idon sawu. Na sa ta bi ɗinkin sama daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta bi ƙofa, ta bi facin da ta yi. Jikoki suka fito suna tsalle a cikin ruwan. Ni ban ji tsoro ba ko kaɗan, na dai sa hannu a aljihu na damƙe ragowar kakin. Daga ciki ba a jin komai sai ƙarar ruwan a kan yadi.

Da na ga ya isa na ce a kashe famfo. Zif ya buɗe, Likita ya turo uwarsa waje. Bargonta a bushe, ɗankwalinta a bushe, idanunta a lumshe kamar wadda aka tasa daga barci mai daɗi. Shi kuwa rigarsa mai ruwan toka ta yi duhu a kafaɗar dama, tun daga wuya har zuwa hannu. Amarya ta gani ta sunkuyar da kai. Ni ma na gani. Inda ya tsaya a bayan kujerar, daidai ƙarƙashin ɗinkin sama ne na wajen baya.

Ya daɗe yana gyara wa uwarsa bargo. Sannan ya miƙe ya dube ni.

“Baba, tantinka ba ya yoyo. Ku haɗa kaya.”

Na ce ai na gaya masa.

“Amma da ni za a kwana. Kuma ni zan zaɓi inda za a sa gadon Inna.”

Na ce wannan ba matsala, tantin ya ɗauki mutanen da suka fi shi ƙiba. Na ƙara da cewa cikin tanti akwai zafi in an rufe ƙofa, mutum ya kan yi gumi, ya je ya sake riga kada sanyi ya kama shi. Ya ce haka ne, zafi ne.

Suka shiga ɗaki da Alƙaliya. Ina jin Amarya tana lissafa mata abin da za a ɗauka, bargo nawa, wace tukunya, tana amsawa da kalma ɗaya-ɗaya. Na bari har iskar yamma ta busar da rufin. Sannan na ɗauko ragowar kakin a aljihu, na jawo benci zuwa bayan tantin na hau, don kawai na duba aikina, kamar yadda kowane gwani yake yi. Simintin da sauran santsi, bencin ya ɗan motsa. Sai na ji ya tsaya cak. Na duba ƙasa, Likita ne ya riƙe shi da hannu biyu, ya sake riga, yana kallon wani wuri daban.

Na fara murza kakin a kan ɗinkin. Ya bar ni na ɗan yi nisa.

“Ɗan matsa hagu kaɗan, Baba,” in ji shi.

Na matsa hagu.